Azumin da Ya Ɓata Sunan Naja'atu

"Ɗaga hijabin nan mu gani!"

Naja'atu ta tsaya cak a tsakar gida, butar alwala a hannunta. Ko sallama Hajiya Saude, uwar wanda zai aure ta, ba ta yi ba. Haka ta bankaɗo labulen buhu ta shigo, ta sha leshin sallah da gwalagwalai, tana toshe hanci da gefen mayafi kamar wadda ta shigo turken awaki. A bayanta Hassana ce, ɗiyar ƙanwarta da ke zaune a unguwar su Naja'atu, tana taunar cingam tana murmushi ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, sannu da zuwa... an yi sallah lafiya?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni daga Safana ba. Na ce ɗaga hijabin!"

Inna Ruƙayyatu, mahaifiyar Naja'atu, ta fito daga ɗaki da tabarma.

"Hajiya, ki zauna mana, ko ruwa ki sha..."

"Ruwan gidan nan? Allah ya kiyaye ni."

Kafin kowa ya ankara Hassana ta matso ta fizge hijabin sama. Ga shi nan kuwa, a ƙasan cibiya, wani tudu ya tasa ya ɗame zani. Matan maƙwabta da suka fara leƙowa ta saman katanga suka ɗauki salati.

Hajiya Saude ta tafa hannu.

"Ahaf! Ashe Hassana ba ƙarya ta yi ba. Ke Ruƙayyatu, wace budurwa ce take kai azumi tun daga farko har ƙarshe ba ta sha ko ɗaya ba? Wace budurwa ce ba ta yi fashin asham ko sau ɗaya ba? Ko ita ba mace ba ce? Jinin ya tsaya, ciki ya fito, sannan ku lulluɓe shi da hijabi ku kawo wa ɗana!"

"Wallahi a sahu ɗaya muke, Hajiya," in ji Hassana tana karairaya. "Kullum tana gefena. Ni na yi fashi na dawo, na tarar da ita inda na bar ta."

Ji wata ibada! Mutane suna masallaci suna neman gafara, ita tana ƙirga wa 'yar mutane raka'a.

Naja'atu ta dubi mahaifiyarta. Kalma ɗaya take jira. Inna ta san gaskiya, ta fi kowa sani. Amma Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zani.

"A fito min da akwatunan lefe," in ji Hajiya. "Daman ni tun farko ban so ba. 'Yan gudun hijira, ba asali ba tushe, an kwana a ajin makaranta ɗaya da maza da mata, wa ya san abin da aka yi?"

A kan idon unguwa aka ɗora akwatuna biyu a kan babur. Naja'atu ba ta yi kuka ba. Ta gyara hijabinta, ta bi Hajiya da wani kallo tun daga ɗankwali har takalmi, ta ɗauki butarta ta shige bayi.

A can ne ta durƙusa ta cusa hijabin a baki don kada su ji.

Gaskiyar da Inna ta kasa faɗa ita ce, Naja'atu, da shekararta goma sha tara, ba ta taɓa ganin jinin al'ada ba. Ko ɗigo. Abin da take gani shi ne ciwon mara, duk wata, mai sa ta birgima a ƙasa tana kiran sunan Allah. Tun suna Ruma abin ya fara, kafin 'yan bindiga su kashe mahaifinta Malam Lawal a gona, su kuma su gudo Batsari da kayan jikinsu. An sha jiƙo, an sha rubutu, an yi turaren aljanu. Ciwon yana nan, marar kuma tana ƙara tauri.

Inna kuwa tsoronta ɗaya ne, kada a ce ɗiyarta mata-maza ce. Saboda haka ta ƙirƙiro dabara. Duk wata sai ta kulle yarinyar a ɗaki, ta fito tana faɗa da ƙarfi don maƙwabta su ji: "Wannan ba ta sallah, ku bar ta ta kwanta." Har tsummoki take wankewa ta shanya a bayan ɗaki inda mata za su gani. Naja'atu tana ciki tana sallarta a ɓoye kamar ɓarauniya.

A azumin bana ne ta ce ta gaji.

"Inna, aurena ya matso. Ba zan yi wa Allah ƙarya a watan nan ba. Zan yi azumina duka, in tsaya duk dare in roƙe shi ya warkar da ni kafin a kai ni ɗakin miji."

To ga abin da ta samu.

Bayan la'asar ta ji ƙarar babur ɗin da ko a mafarki za ta gane. Zainulabideen ne, ɗan Hajiya Saude, malamin firamare a Safana. Shekara biyu da suka wuce ya riƙa zuwa Batsari ranar Asabar yana koyar da yaran 'yan gudun hijira kyauta, ita kuma tana soya awara a bakin makarantar. Kullum sai ya sayi awarar da ba zai iya cinyewa ba, don dai ya tsaya. Daga nan aka fara.

Ta same shi a zaure, idanunsa jajur. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ko ba komai ya zo.

"Naja..."

"Malam."

"Najata, rabin raina, tun safe ban sa komai a bakina ba."

Ta zauna a bakin dakali, tana dafe da mara. Ya durƙusa a gabanta, ya sassauta murya.

"Na yi tunani. Na san irin rayuwar da kuka shiga. Yunwa, tsadar nan, ba uba a gida... mutum zai iya faɗawa ko'ina. Ba zan tambaye ki ko wane ne ba."

Ta ɗago kai a hankali.

"Me ka ce?"

"Na ce ba zan tambaya ba. Na yafe miki, Naja. Wallahi na yafe miki har cikin zuciyata. Ki haihu lafiya, in ƙura ta lafa zan shawo kan Hajiya. Zan rufa miki asiri."

Yana faɗa yana share hawaye, shi a dole ya yi abin da ba kowane namiji zai iya ba. Jira yake ta fashe da kuka ta kama ƙafarsa.

Dariya ta yi. Wata busasshiyar dariya da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

"Ka yafe min?"

"Na yafe, masoyiyata..."

"Sannu, Malam. Sannu da ƙoƙari! Kai, Allah ya saka da alheri. Tun daga Safana ka ƙona fetur a tsadar nan don ka kawo min yafiya?"

"Naja, me ya..."

"Hajiya ta zage ni, ban ji zafi ba, daman ba ta taɓa ƙaunata ba. Hassana kuwa kai take so tun kuna yara, kowa ya sani, haushinta ne ya kashe ta. Amma kai? Shekara biyu kana zuwa zauren nan, ko yatsana ka taɓa riƙewa? Ka taɓa ganin na wuce bakin ƙofar nan bayan magariba in ba masallaci ba? Ko tambayata ba ka yi ba! Ka yanke hukunci a kan babur, ka zo ka yi min sadaka!"

"To in ba ciki ba ne, mene ne? Ki faɗa min!"

Maganar ta zo mata har leɓe. Sai ta tuna fuskar Inna da rantsuwar da ta sa ta yi cewa ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta haɗiye.

"Tashi ka tafi. Ka ɗauki yafiyarka ka kai wa Hassana, wataƙila ita tana da abin da za a yafe mata."

Ta shige gida ta bar shi durƙushe.

Kwana biyu bayan haka ciwon ya taso, irin wanda bai taɓa yi ba. Fitsari ma ya ƙi fita. Tun asuba take zagaya bayi tana dawowa, gumi ya jiƙa ta sharkaf, marar ta yi tauri kamar ƙwarya.

Da hantsi Inna ta shigo da Baba Asama'u, tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwar. Tsohuwar ta latsa cikin, ta duba abin da za ta duba, ta taɓe baki.

"Ba ciki ba ne. Gishiri ne ya toshe ta, ba hanya. Yanka za a yi, yanzu jinin ya zubo a huta."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da reza.

Naja'atu ta ja da baya har ta haɗu da bango. Ta san yankan gishiri. Akwai wata 'yar ƙauyen Karare da suka zauna aji ɗaya lokacin hijira, ita ma haka aka yi mata, reza ta zarce inda ba a nufa ba. Tun daga ranar take yoyon fitsari, mijin ya sake ta, ko tabarma ba a haɗawa da ita.

"Inna, kada ki bari... Inna, don girman Allah!"

"Ke, ki yi haƙuri," in ji Inna tana kuka. Ba ta kiran sunanta, 'yar fari ce. "A yi a cikin ɗaki ba wanda ya ji. In muka je asibiti duniya za ta sani."

"Duniya? Wace duniya ta rage? Ai sun riga sun ce cikin shege ne!"

"Riƙe min ƙafafunta," in ji Baba Asama'u. "Yaran yanzu da raki."

Sai ga ƙarar babur, sai ga bugun ƙofa kamar za a ɓalle ta.

"Inna! Inna, ku ji tsoron Allah! Kada ku kashe rai!"

Zainulabideen ne. Ashe tun da safe Hassana tana jin Inna na neman ungozoma ta ɗauki waya ta kira shi, har da kukan munafunci, wai ga shi can za a zubar da cikin. So take ya zo ya gani da idonsa ya ƙarasa tsanar Naja'atu. Ihunsa kuwa ya tara unguwa, maza a waje, mata a kan katanga, Hassana a sahun gaba.

Wani ƙarfi ya zo wa Naja'atu. Ta ture hannun tsohuwar, ta dafa bango ta miƙe, ta fito tsakar gida a duƙe. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, waɗannan fuskokin da suka ci awararta bashi, yau suka zo kallo.

"Kun taru? Madalla. To ku buɗe kunnuwanku."

"Ke! Rantsuwar..." in ji Inna.

"Zan yi kaffara, Inna." Ta juya ga Zainulabideen. "Malam mai yafiya, tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin jinin al'ada ba. Ko sau ɗaya! Fashin sallar da kuke gani ƙarya ne, tsummokin da ake shanyawa ƙarya ne. Azumin bana shi ne kaɗai gaskiyar da na yi, shi ne kuma kuka jefe ni da shi. Hassana, kin ji? Ki ƙara a lissafinki!"

Hassana ta daina taunar cingam.

Zainulabideen ya matso. Idonsa ya sauka a kan rezar da ke hannun Baba Asama'u, sannan ya dawo kan Naja'atu da ƙafafunta suka fara lanƙwashewa.

"Inna, ɗauko mata hijabi. Asibiti za mu."

"Ba na hawa babur ɗinka," in ji Naja'atu da ƙyar.

"Ki tsane ni a hanya, Naja. Amma ki hau."

A asibitin Batsari aka sa mata roba aka zuƙe fitsarin, ta samu ta numfasa. Suka ce sauran aikin ya fi ƙarfinsu, sai Katsina. Zainulabideen ya samo musu gurbi a wata bas da ta cika har ƙofa. Duk hanya kowa idonsa a kan daji don tsoron 'yan bindiga, direba yana gudu yana salati. Naja'atu ta jingina da kafaɗar Inna. Ko sau ɗaya ba ta kalli inda yake ba.

Likitar mata da suka samu a Katsina sunanta Nana Hadiza, 'yar gajeruwa mai tabarau, ba ta da wasa. Ta shafa wa Naja'atu wani mai sanyi a mara, ta ɗora na'urar hoton ciki, ta daɗe tana kallon allon.

"Wa ya ce ciki ne?"

"Gari guda," in ji Naja'atu.

"To gari guda sun yi ƙarya. Mama, matso ki gani. Mahaifarta ga ta nan lafiya lau, mace ce cikakkiya. Al'adarta tana zuwa duk wata kamar ta kowace mace. Wani shamakin nama ne aka haife ta da shi, can ciki, ya raba hanyar biyu. Jinin ba ya samun wurin fita, sai ya taru. Shekara da shekaru yana taruwa, shi ne wannan tudun."

Inna ta dafe ƙirji.

"Likita... ba mata-maza ba ce?"

"Wa ya gaya miki? Halitta ce, ba a cika samunta ba, amma muna gani, kuma ana gyarawa. Ba aljani, ba gishiri." Ta cire tabarau ta dubi Inna. "An ce har reza aka ɗauko? Shamakin nan yana da zurfi, mafitsara a gabansa, hanji a bayansa. Da an sa rezar nan a makance, da yanzu wani zancen muke yi."

Inna ta fashe da kuka, ta kama hannun ɗiyarta.

"Ki yafe min... tsoro ne, wallahi tsoro ne."

"Na sani, Inna."

Likita ta ce ba za a tsaga cikin ba. Ƙananan huji uku za a yi, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba. Ta cibiya za a zura siririyar kamara mai fitila, su ga komai a allo, su wanke jinin da ya koma baya, sannan a buɗe shamakin ta ƙasa ana kallo ta sama don kada a taɓa abin da bai kamata ba. Zainulabideen ya yi ta zirga-zirga tsakanin kantin magani da ɗakin gwaji, ya ba da jininsa aka ajiye. Da zai dawo washegari a motar haya ya zo, ya sayar da babur ɗin ya biya kuɗin aiki. Bai faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Aka yi aiki lafiya. Nas ta ce wa Inna jinin da aka kwashe baƙi ƙirin ne, mai kauri kamar maɗi. Da Naja'atu ta farfaɗo ta kai hannu mararta, ta ji ta lafe. Filasta uku ne kawai. Ta rufe ido, hawaye suka gangara cikin kunnuwanta.

Ana gobe za a sallame ta sai ga Hajiya Saude, ɗanta ya taso ta a gaba. Ta tsaya daga bakin gado tana riƙe da jaka a ƙirji, ko sannu ba ta ce ba. Daidai lokacin likita ta shigo zagaye.

"Likita, ni ce uwar yaron. Mene ne gaskiyar abin?"

Likita Nana Hadiza ta dube ta ta saman tabarau.

"Ba ke ce marar lafiyata ba. Naja'atu, kin yarda in faɗa?"

"Faɗa mata, Likita. Ki ɗaga murya, Hajiya ta fi gane magana in da 'yan kallo."

Likita ta yi bayani tiryan-tiryan. Ta ƙara da cewa, ba wai ciki ba, yarinyar nan ba ta taɓa sanin namiji ba.

Kowa ya zaci Hajiya za ta ji kunya. Ina! Ta gyara mayafi, sai ta ce:

"To za ta haihu?"

"Wannan na Allah ne. Jinin ya daɗe, ya taɓa bututun ƙwai guda. Ɗayan yana da kyau. Tana iya haihuwa, tana iya daɗewa, tana iya rasawa. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Hajiya ta taɓe baki ta juya ga ɗanta.

"Ka ji ko? An gudu ba a tsira ba. Ai gara ma a ce cikin ne, an san dai tana haihuwa. Ka zo mu tafi, ga Hassana can lafiyayya."

Naja'atu ba ta kalli Hajiya ba. Shi ta zuba wa ido. Ta ga ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba in mahaifiyarsa tana magana, ta ce a ranta, shi ke nan, daman na sani.

Sai ya ɗago.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ban taɓa musa miki ba tunda na yi wayo. Kin ce ciki ne, na yarda ban bincika ba, na je na ci mutuncin yarinyar da ba ta yi min komai ba sai alheri. Wannan kuskuren ba zan maimaita shi ba. In Naja'atu ta haihu, alhamdulillahi. In ba ta haihu ba, ita ɗin nake so. Hassana kuwa, ko mata sun ƙare..."

"Zainu! Ni kake faɗa wa haka a gaban bare?"

"A gaban bare aka ɗaga mata hijabi, Hajiya."

Hajiya ta fice fuu, takalminta na ƙara a baranda.

Ya durƙusa a gefen gadon.

"Naja... hasken idona..."

"Kada ka hasken idona ni."

"Ki yafe min."

"Au, yau kuma ni ce mai yafiya? Ina taka da ka kawo min? Ta ƙare?"

"Na janye ta. Wallahi duk lokacin da na tuna maganar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ki yi abin da za a yafe miki ba. Ni ne jaki."

"Wannan kam ka faɗi gaskiya."

Inna ta yi gyaran murya ta fita, wai za ta ɗebo ruwa.

Naja'atu ta daɗe tana kallon silin. Tana son sa, wannan ne abin haushin. Ko ranar da ta kore shi daga zaure, da daddare sunansa ta riƙa kira a cikin ciwo.

"Sharaɗina ɗaya ne," ta ce. "Akwatunan nan, da rana tsaka aka fitar da su a gaban unguwa. Da rana tsaka za su dawo. Kuma wadda ta fitar da su ita za ta dawo da su, ta tsaya inda ta tsaya, ta faɗa da bakinta cewa ƙazafi ta yi min. In ba haka ba, Malam, ka je Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Hajiya ba za ta..."

"To ka ji."

Ta juya masa baya.

Abin bai zo da sauƙi ba. Babbar sallah ta zo ta wuce, ranar auren da aka sa ita ma ta wuce. Zainulabideen ya rame ya yi baƙi, kullum yana gaban Hajiya a durƙushe, ya haɗa ta da yayyenta, ya haɗa ta da limamin unguwarsu, wanda ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye hukuncin mai yi wa budurwa ƙazafi. Hassana ta aika masa abinci ya fi a ƙirga, yana mayarwa ko buɗewa bai yi ba. Da ta gaji, ga kuma matan Batsari sun sa mata suna Mai Ƙirga, sai ta tattara ta koma wajen wata yayarta.

Wata ranar kasuwar Batsari, rana na tsakiya, sai ga babur biyu ɗauke da akwatunan lefe a ƙofar gida. Hajiya Saude ta yi sallama wannan karon. Ta tsaya a tsakar gida, mata sun cika katanga, ta yi magana ciki-ciki.

"Abin da na faɗa a kan yarinyar nan... ba haka ba ne."

Naja'atu tana zaune a kan turmi tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Hajiya, na can baya ba su ji ba. Wancan karon har bakin titi an ji ki."

Hajiya ta dubi matan da ke kan katanga. Ta ɗaga murya.

"Na ce ƙazafi na yi mata! Budurwa ce, ciwo ne Allah ya ɗora mata. Na yi kuskure."

Sai a lokacin Naja'atu ta ajiye faifan, ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. An zo lafiya? Inna, a kawo wa Hajiya ruwa."

Hajiya ta karɓi kofin ruwan gidan nan, ta shanye tas.

Aka ɗaura aure bayan kaka, ba wani taro, zamanin bai bar wa kowa halin taro ba.

Da azumi ya zagayo, wata rana da azahar Hajiya Saude ta leƙa sashen ɗanta a Safana. Ta tarar da Naja'atu zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, ƙwaryar fura a gabanta, tana sha da ludayi hankali kwance. Zainulabideen yana gefe, leɓensa a bushe da azumi, shi ne ma ya dama mata, yana yi mata fifita.

Hajiya ta yi turus.

"Au... ba ki azumi?"

Naja'atu ta ɗago. Shekara nawa tana ɓuya a ɗaki tana ƙaryar wannan ranar. Yau ga ta, ta gaske, babu ciwo, babu kulle ƙofa. Idonta ya ciko, amma ta yi murmushi, ta sake cika ludayin.

"Ina fashi, Hajiya," ta ce. "In kin koma ki shaida wa masu ƙirga."